Wasiƙar godiya ga ma'aikatan ɗakin gwajin ƙarafa na sashenmu

Assalamu alaikum.

Malam shugaban ɗakin gwaji da sauran ma'aikata, na san ba ku son a faɗi sunayenku, kuma ba zan faɗa ba. Amma abin da kuka yi mini a kan aikin digirina na biyu ya fi ƙarfin na gode ta baka a bakin ƙofa.

Kakana maƙeri ne. Tun ina yaro abin da na sani shi ne a zuga wuta, ƙarfe ya yi ja, a tsoma shi a ruwa, ya fito da tauri. Da wannan tunanin na shigo muku riƙe da guntun Inconel 718 da wani abokina mai aiki a rijiyoyin mai ya samo mini. Sama da rabinsa nikel ne, sai kuromiyam, da baƙin ƙarfe, da niyobiyam wajen kashi 5 cikin ɗari. Da irinsa ake ƙera sassan injin jirgin sama da wuta ke dukansu. Malam ya saurare ni har na gama, sannan ya ce wannan ba fartanya ba ce. Idan aka kai shi digiri 980 a ma'aunin Celsius na awa ɗaya aka sanyaya da sauri, laushi yake yi, domin niyobiyam ya narke ya ɓace a cikin nikel kamar sukari a shayi. Ƙarfinsa sai an yi masa zaman jinya: awa 8 a digiri 720, a bar zafin ya sauka a hankali cikin tanderu zuwa 620, a sake riƙe shi awa 8. Kusan awa 18 ke nan wuta ba ta ƙifta ba.

A wannan zaman ne niyobiyam ke haɗuwa da nikel su fito a matsayin wasu mitsi-mitsin faya-fayai, waɗanda madubin ƙara girma na ɗakinmu ba ya ma iya gani. Su ne ke tsaya wa ƙwayoyin zarra na ƙarfen a hanya, su hana su zamewa a kan juna idan nauyi ya hau. Shi ya sa ƙarfin da yake jurewa kafin ya lanƙwashe kan kusan ninkuwa.

To, awa 18 a ƙasarmu! Gwajina na farko a wani wurin na yi, wuta ta ɗauke a tsakiya, ba wanda ya rubuta lokacin, gunduwoyi uku suka tashi a banza. Ku kuwa tun kafin a kunna tanderu kun duba janareta, kun raba dare a tsakaninku, kowane minti talatin ana rubuta zafi a littafi. Da wutar ta tafi wajen ƙarfe biyu na dare, kafin in laluba takalmina ƙaramin cikinku ya tayar da injin.

Abu biyu ne ba zan manta ba. Malam ya ƙi yarda da lambar da ke fuskar tanderu, ya zura wani ma'aunin zafi daban har kusa da ƙarfen, sai ga bambancin kusan digiri 20. A lokacin na ga kamar tsanani ne. Daga baya na gane cewa da zafin farko ya haura 1000 sosai, sinadarin da ake kira delta, wanda ke riƙe iyakokin ƙwayoyi masu kama da tsaba da suka haɗu suka yi jikin ƙarfen, zai narke, ƙwayoyin su kumbura, sakamakona ya zama na wani abu daban.

Na biyu, ranar da gajiya ta sa na ce a ɗaga zafin zuwa 850 a gama da wuri. Malam bai yi musu da ni ba. Ya ce in ba da gunduwa ɗaya a gwada. Bayan an goge ta an zuba mata ruwan asid, muka leƙa madubi, sai ga delta ya fito kamar allurai, ya kwashe niyobiyam ɗin da ya kamata ya zama ƙarfi. A ma'aunin tauri na Rockwell ta kasa waɗanda aka bi da su a hankali, su kuwa sun haura 40. Hoton alluran nan yanzu yana babi na huɗu na kundina, kuma a kansa mai jarrabawa ya fi daɗewa.

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara wa iyalanku albarka. Kuɗin dizal ɗin da Malam ya cika daga aljihunsa yana nan a ambulan, zan kawo ranar Litinin, kuma a wannan karon don Allah a karɓa.

Ɗalibinku,
mai gunduwoyin nikel