Zuwa ga Auta, malamin Hausa a Daura

Rafindadi, Katsina.

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da abokan aikinka. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Innarka da hunturun bana ya tayar, amma da sauƙi, alhamdu lillahi.

Ranar Juma'a Goggonka ta zo daga Daura da jikanta, wannan da yake ajinka. Na ce ya miƙo mini littafinsa na Hausa in duba. Ka san wanda ya yi shekara 35 yana riƙe da alli, ko ya yi ritaya hannunsa ba ya daina ƙaiƙayi. Rubutu tsaf, ba kuskure. Da na kai wurin nazarin gajeren labari sai na tarar an jera: halayen babban tauraro, haƙuri, gaskiya, biyayya. Na rufe littafin na tambaye shi, a ina ne cikin labarin haƙurin mutumin nan ya kusa ƙarewa? Ya yi shiru, can ya ce, "Malam bai ba mu wannan ba."

Auta, ba haka na koya maka ba. Na san uzurinka tun kafin ka buɗe baki: aji ya cika maƙil, darasi minti 40, ga WAEC da NECO sun matso. Duk na sha wannan. Amma jera halaye ba nazari ba ne, hadda ce. Gizo kaɗai ake yi wa haka, don shi yadda ya shiga tatsuniya da wayonsa da haɗamarsa, haka yake fita, gobe ma Ƙoƙi ta sake tarar da shi jiya i yau. Mutumin gajeren labari kuwa, yawanci marubuci ya kama shi ne a ranar da wani abu ya motsa a zuciyarsa. Shafi uku ne ko huɗu, ba filin da za a bi shi daga haihuwa zuwa tsufa, saboda haka sauyin kan rataya a kan abu ɗan ƙanƙani, kalma guda ko ɗan jinkiri.

Ni da nake aji, ƙagen kaina nake fara ba su. Yaron mai awo ne a kasuwa, ya saba danne gefen mudu yana rage hatsi. Ran nan wata tsohuwa ta zo awon gero, ta kwance bakin zane tana ƙirga kuɗi har sau uku. Hannunsa ya kai bakin mudun, ya tsaya. Sai ya cika, ya yi mata gyara. A nan nake yin shiru in tambaye su: me yaron nan yake so da farko? Me ya gani? Wane layi ne ya nuna ya sauya? Kowa ya ba da amsa sai ya ɗora yatsa a kan layin da ya kafa hujja da shi, ko abin da tauraron ya aikata, ko abin da ya faɗa, ko abin da wasu suka faɗa a kansa. Wanda ya ce tausayi ne, wanda ya ce tsoron Allah, wanda ya ce kakarsa ya tuna, a bar su su yi musu. Kafin a kaɗa ƙararrawa sun gane abin da dogon bayani ba zai fahimtar da su ba.

Kai ma ga Kusugu a kusa da ku. Ba yaron Daura da bai san baƙon da ya zo da dare yana neman ruwa aka ce masa sai Juma'a ba, ya je ya kashe macijiya, ya wayi gari ya zama mijin Daurama. Tambaye su, matsayinsa ne ya sauya ko halinsa? Ranar da suka iya raba waɗannan biyun, rabin aikinka ya ƙare. Kada kuma ka raina sana'arka: cikin waɗanda suka yi fice a gasar rubuta ƙagaggun labarai ta 1933 akwai malaman makaranta na nan Katsina.

Amma ba littafin ne ya hana ni barci ba. Jikan Goggonka ya faɗa mini akwai wani ɗan ajinsu da ka mayar bencin baya tun zangon farko, ka ce masa daƙiƙi a gaban 'yan uwansa, kuma tun daga ranar ko ya ɗaga hannu ba ka kallonsa. In ƙarya ce, ka yafe mini. In gaskiya ce, to wallahi ka ba ni kunya. Wa ya ba ka ikon rufe littafin ɗan mutane tun a shafin farko? Wanda yake koya wa yara cewa mutum hali ɗaya gare shi har abada, ba abin mamaki ba ne ya yi wa ɗalibinsa irin wannan hukunci. Abin da nake tsoro ke nan, Auta, kada ya zama a gida ka ɗauko shi.

Kana ƙarami lokacin maganar Yayanka, amma ka ji abin da na kira shi a zaure a gaban Kawunku. Ba zan ce ban da dalili ba. Albashi bai zo ba wata da watanni, ku takwas ne a wuyana, shi kuma ya yi abin da ya yi. Kowane uba zai fusata. Sai dai kalmar nan ta bi shi har Legas, kuma yau shi ne mai aiko da kuɗin maganin Innarka, amma in ya kira waya ita yake nema, ni sai dai a ce yana gaishe ni. Shekaru ina koya wa 'ya'yan wasu su lura da inda hannun yaron mai awo ya tsaya, nawa ɗan kuma ban lura da nasa ba.

Na san kana da zuciya mai kyau, tun kana yaro kai ne mai raba abincinka da almajirai a ƙofar gida. Gajiya ce ta sa ka, na sani. Ranar Litinin ka dawo da yaron nan gaba, ka ba shi labarin ya karanta a bayyane. In ya yi tuntuɓe, ka jira shi. Sannan ka rubuto mini abin da ya ce game da tauraron, ina so in ji da kalmominsa.

Innarka ta ba Goggonka ƙulli na daddawa da yaji ta kawo maka. Ta ce in za ka zo hutu ka taso da wuri, kada dare ya yi maka a hanyar Mashi. In kun yi waya da Yayanka, ka ce masa ina son jin muryarsa.

Allah Ya yi maka albarka. Wassalam.

Mahaifinka.