Barka da Sallah daga ƙasar da alƙibla take yamma

Nagoya, ƙasar Japan, daren 1 ga Shawwal 1446

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga mahaifina Baba, tare da Umma da dukan mutanen gida. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina yi muku barka da shan ruwa, barka da Sallah. Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana, ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Ya ƙafar Umma, ta lafa? Shaddar da ta ba da a kawo mini ta iso tun tsakiyar azumi, ɗinkin ya zauna daidai, ita na sa yau.

Awa 8 muke gabanku, kullum mu ke riga ku ganin rana, amma bana kun riga mu Sallah da kwana guda. Jiya Lahadi da Yaya ya kira ni ta bidiyo daga ƙofar fada, ina jin algaita da kalangu, ina hango ƙurar dawaki, ni kuwa ina zaune gaban dabino uku da kofin ruwa ina jiran rana ta faɗi. Na ce masa ya kashe wayar don Allah, kada ya karya mini azumi da ƙwalla.

Yau Litinin muka sauko idi. Masallacin garin ba ya ɗaukar jama'a, don haka a wani babban ɗakin taro aka yi, galibi mutanen Indonesiya ne da Pakistan da Bangaladash. Kafin ƙarfe goma an watse. Muna fitowa titi sai ga ma'aikata cikin baƙaƙen kwat suna sauri, ba wanda ya san wata Sallah ake yi. Hutun ma sai da na cike takarda tun makonni uku da suka wuce. Abokin nan nawa ɗan Zangon Kumasi, mai tura tsofaffin motoci, ya dube ni ya ce, "Malam, in muka koma ɗaki yanzu, tagumi za mu yi har dare." Sai na tuna wani dattijo da muke aiki tare ya sha ba ni labarin garinsu, Iwamura, can cikin duwatsun lardin Gifu. Ya ce akwai tsohuwar tashar jirgin ƙasa da tsohuwar ganuwa. Ina jin kalmar tasha, Baba, ku na tuna. Muka kama hanya.

Daga Nagoya zuwa wani gari Ena tafiyar awa guda ce da 'yan mintoci. A can muka sauya zuwa wani ƙaramin layi da ake kira Akeci, tsawonsa duka kilomita 25. Da kun ga jirgin da kun yi dariya. Tarago ɗaya tal, inji na gas a ƙarƙashinsa, direba shi kaɗai, shi ne kwandasta, shi ne mai karɓar tikiti. Amma da farin safar hannu yake aiki, kuma duk siginar da ya gani sai ya nuna ta da yatsa ya faɗi abin da ta ce da baki, ko da ba mai jinsa. Layi ɗaya ne, yana kutsawa cikin dogayen itatuwa da gonakin shinkafa da ba a shuka ba tukuna. A wata tasha mai suna Iinuma, dogon yana hawa mita 33 a kowace kilomita, babu tashar irin wannan jirgin da ta kai ta gangare a duk ƙasar. Ka tsaya a dandamalin sai ka ji kamar ƙafarka ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Tashar da ke gab da Iwamura kuwa sunanta Gokuraku, wato Aljanna a addinin Buda. Abokina ya ce, "Mu sauka mana, tunda ga ta a kuɗin tikiti." Na ce ni tawa ba ta wannan layin ake zuwa ba.

Abin da zai fi ba ku mamaki shi ne faɗin dogon. Ƙafa 3 da inci 6, daidai da tsohon layinmu da ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911. Su ma Japanawa injiniyoyin Ingila ne suka shimfiɗa musu na farko, tsakanin Tokiyo da Yokohama a 1872. Jirginsu mai gudun tsiya, Shinkansen, shi ne ke da faɗi irin na layin Abuja zuwa Kaduna. Wato da za a ɗauko ɗaya daga cikin taragun nan da suka yi tsatsa a bayan kwatas ɗin reluwe, a ɗora shi a nan, zai zauna daram. Wannan tunanin ya daɗe yana yi mini yawo a ka.

An buɗe tashar Iwamura a 1934. Ƙaramin gini ne, da benci, da tagar sayar da tikiti, da tukwanen furanni da wani ke ba ruwa kowace safiya. A da ta gwamnati ce, da fasinja suka yi ƙaranci aka so rufe layin, sai hukumomin yankin suka haɗa kai da 'yan kasuwa suka karɓe shi a 1985. Ina cikin kalle-kalle idona ya faɗa kan abin da ya sa na zauna rubuta muku wannan doguwar wasiƙa maimakon saƙon murya. Sigina ce mai hannu, Baba, irin taku sak: dogon ƙarfe, jan hannu mai farin layi, gilashi ja da kore, ga waya ta bi ƙasa zuwa wurin ƙarfen da ake ja. Da ita suka yi aiki har 2004. Da suka koma ta lantarki ba su sayar wa 'yan gwangwan ba, suka bar ta tsaye suna yi mata fenti. Nan take na ga kaina ina ɗan shekara bakwai, Umma ta aiko ni da kwanon tuwo, kuna riƙe da tsumma kuna jan ƙarfen da hannu biyu, kuna cewa, "In ta miƙe, tsaya. In ta sunkuya, wuce." Hannuna ya yi ƙaiƙayi in taɓa, kunya ta hana ni. Na dai tsaya a gindinta da hulata abokina ya ɗauke ni hoto.

Daga tasha titi ɗaya ne ya miƙe zuwa gindin dutse, kimanin kilomita 1.3, gidajen katako hagu da dama, waɗansu tun zamanin mulkin sarakunan yaƙi, wanda ake kira Edo. Tun 1998 gwamnati ta sa unguwar cikin wuraren da ake karewa, ko gyaran fuskar gida mutum zai yi sai da izini. A tsakiya titin ya karye ya yi kwana biyu a jere, don kada maharan da suka shigo su hango abin da ke gabansu, dabara irin ta zaurenmu. Mun yi sa'a lokacin bikin 'yan tsana ne, wanda suke yi don yi wa 'ya'ya mata fatan alheri. Kusan kowace taga an jera su hawa-hawa a kan jan ƙyalle, sarki da matarsa a sama, fadawa da makaɗa a ƙasa. Sai dai 'yan tsanan sun fi yaran garin yawa nesa ba kusa ba. Tsofaffi ne ko'ina. A ƙasar nan fiye da mutum ɗaya cikin huɗu ya haura shekara 65, kuma a ƙauye abin ya fi tsanani. Titi fes, shiru kamar an yi ruwa an ɗauke. Na so a ce 'ya'yan Yaya su biyar suna nan su ɗan tayar da ƙura.

A ƙofar gidaje da yawa an rataye shuɗin labule da rubutu. Wata tsohuwa da ta tsaya tana yaba aikin hulata ta nuna nata labulen, ta nuna ƙirjinta. Ashe sunan uwargida ake rubutawa, ba na maigida ba. Umma ta ji wannan da kyau. Dalilin shi ne garin ya taɓa zama a hannun mace. Sunanta Otsuya, gwaggon wani babban mayaƙi ce, Oda Nobunaga. Mijinta ya rasu a 1572 ba su da ɗa, ta riƙe ganuwar da sunan ɗan Nobunaga da take riƙo. Rundunar gidan Takeda ta zo ta yi musu ƙawanya, taimako bai zo ba, sai ta yarda ta auri kwamandan maharan aka buɗe ƙofa ba tare da an ƙarar da mutanenta ba. Nobunaga bai yafe ba. A 1575 dakarunsa suka ƙwace wurin, ya sa aka kashe ta tare da mijin. Abokina ya ce ai ta ci amanar gidansu. Ni ban gani haka ba. Wanda ya bar gwaggonsa a bakin kura ba shi da bakin tuhumar ta yadda ta kuɓuta. Na ba tsohuwar labarin Sarauniya Amina da ganuwarta da ɗan Japancin da nake da shi, rabi da baki rabi da hannu. Ko ta fahimta, ko ladabi ne kawai, ta yi ta gyaɗa kai.

Yunwa ta kama mu. Na hango wani shago an rubuta "kankara", na ce wa abokina a wannan sanyin wa zai sha ƙanƙara? Ashe sunan wani abinci ne, shinkafa mai danƙo da aka kirɓa kamar dawo, an mulmula, an birkiɗa wani cikin riɗi, wani cikin garin waken soya, wani cikin jan wake mai zaƙi. Shi muka ci da koren shayi marar sukari, abincin Sallarmu ke nan. Akwai wani kamar tuwon shinkafa da ake mannawa a tsinke a gasa a gawayi, ƙamshinsa har tsakar ka, amma na tambayi mai shi ko akwai giyar girki a romon da ake shafawa, ta ce akwai kaɗan, muka haƙura. A nan sai mutum ya riƙa tambaya, don har a miya suna zuba ta.

Hawan dutsen ne ya kusa kunyata ni. Hanyar duwatsu ce da aka jera, ta yi gansakuka, ni kuwa ga takalmin Sallah mai santsi. Sau biyu ina zamewa. Na tattare rigar na saɓa a kafaɗa kamar mai shirin dambe, wasu tsofaffi biyu masu sanda suka wuce mu suna gaisuwa, ko haki ba sa yi. Rabin awa muka yi. Ganuwar tana kan tsayin mita 717 daga teku, an ce tun 1185 aka kafa ta, kuma tana cikin manyan ganuwoyin kan dutse guda uku na ƙasar. Gine-ginen babu su, an rushe a 1873 bayan an kawar da mulkin sarakunan yaƙi. Abin da ya rage katangu ne na dutse, an jera su ba siminti ba laka, a wani wuri hawa shida kamar matakala. Ga rijiyoyi 17 a kan dutse don kada ƙishirwa ta ci su in an kewaye su. Suna yi mata laƙabi da ganuwar hazo, wai in abokan gaba suka matso sai hazo ya taso daga wata rijiya ya rufe ko'ina. Na tsaya ina kallo, na tuna tamu ta Zazzau da muke hawa muna yara, yadda ake yaƙutarta ana buga tubali. Gaskiya tamu ta ƙasa ce, damina ma tana cin rabonta, amma hannunmu ya fi damina ɓarna.

A can sama muka yi Azahar da La'asar. Na duba waya don alƙibla, ta nuna yamma, ta ɗan karkata arewa. Shekara uku ke nan, har yau in na tayar da kabbara sai in ji kamar na ba gabas baya. Sanyi ya ratsa shaddar, furannin da suka buɗe a Nagoya a nan ko toho ba su gama ba. Muka yi wa juna barka da Sallah karo na biyu, muka sauko a guje don kada jirgi ya wuce, don in ya wuce sai a yi zaman kusan awa guda.

Na tura goron Sallah ta hannun Yaya. A ba Gwaggo nata, a cire na yara, sauran a ƙara a kuɗin maganin Umma. A gaya wa Auta na ga sakamakonta, ta ci alƙawarin da na yi mata. A gaishe da Liman da maƙwabta, a gaishe da abokan aikinku na da waɗanda kuke zama da su da yamma.

Hoton siginar yana wayar Yaya, ku sa ya buɗe muku shi da girma. A can ƙasan sandar akwai wani dunƙulen ƙarfe da ke rataye a jikin wani ɗan hannu. Ni na ce nauyi ne da ke mayar da ita "tsaya" in waya ta tsinke, abokina ya ce ƙarya nake, har mun sa farashin shayi a kai. Ku raba mana gardama in na kira ranar Juma'a, bayan kun dawo masallaci.

Ku ci gaba da sa ni a addu'a.

Ɗanku,
na Nagoya