Wasiƙa zuwa ga Abba kan barin zagayen shawara a ƙwallon Amurka

Assalamu alaikum Abba,

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyalinka. Na ga saƙonka cewa babban kocin kwalejinku yana so masu kai harinku su daina tsayawa a zagaye suna shawara kafin kowane yunƙuri (wato kowane karo da ake miƙo ƙwallo a kai hari), kuma ya nemi jin ta bakinka. Ka gaya masa ku koyi salon sosai, amma kada ya zama tuwonku na kullum.

Babbar ribarsa tana wajen canjin 'yan wasa. In kuka koma layi nan take da mutum goma sha ɗayan da ke fili, abokan hamayya ba su da sararin fitar da ƙattin gabansu da suka gaji. Sai dai a dokar kwaleji, da zarar kun canja ko mutum ɗaya, alƙali zai tsaya kan ƙwallo har su ma su canja nasu. Saboda haka ka duba: kuna da rukuni guda da zai iya gudu da ƙwallo, ya kuma iya jifa da cafewa, ba tare da an sauya kowa ba? In babu, kun sayi gajiya kawai.

Mutane kan ɗauka rashin zagaye na nufin gaggawa, amma ba lallai ba ne. Kuna da daƙiƙa 40 tsakanin yunƙuri da yunƙuri. Lokacin da Peyton Manning yake kwatabak (jagoran masu kai hari, mai jifa da ƙwallo) a ƙungiyar Indianapolis Colts, yakan jera mutanensa da wuri, ya tsaya yana karanta tsayuwar masu tsaro, ya sauya shiri, har agogo ya kusa ƙarewa. Wannan sai kwatabak mai basira. In naku ɗan shekarar farko ne, ku bar karatun ga kociyoyi a gefen fili.

Abin da ya fi damuna shi ne masu tsaronku. Jifa uku da ba a cafe ba ba sa cin ko minti ɗaya a agogon wasa, sai ku buga ƙwallo ku bayar, yaran da ko ruwa ba su gama sha ba su koma fili. Buffalo Bills na kwatabak Jim Kelly sun gwanance da salon, sun je Super Bowl, wasan ƙarshe na gasar ƙwararru, sau huɗu a jere. A na farkon, cikin Janairun 1991, New York Giants suka riƙe ƙwallo minti 40 da daƙiƙa 33, suka bar musu ƙasa da minti 20, suka ci 20 da 19. Koci Chip Kelly ma ya yi tashe da saurinsa a Jami'ar Oregon, ya ci wasa goma-goma a kakarsa biyu na farko a Philadelphia Eagles, amma an sallame shi a Disambar 2015 kafin kaka ta ƙare. Ka ƙirga ƙattin layin tsaronku da za ka iya amincewa da su. In ba su kai takwas masu karɓa-karɓa a gurbi huɗu ba, saurin zai ci ku a zango na huɗu.

Ku fara da shiri goma sha biyu zuwa sha biyar, kowanne da suna na kalma ɗaya ko lamba a ɗamarar hannu. Ku sa mutum uku a gefen fili suna ba da alama, ɗaya ne na gaske, ku riƙa sauya shi kowane zango, don akwai mai zuba muku ido a ɗaya gefen. Taki uku ya isa: mai sauri, na tsayawa a duba gefen fili, da na cinye agogo.

Kurakuran da za su fara bayyana ƙanana ne masu tsada. Dole mutum bakwai su kasance a kan layi, kuma kowa ya tsaya cak na daƙiƙa ɗaya kafin a miƙo ƙwallo. Mai cafewa da ya dawo a guje yana haki shi ne ke karya wannan, yadi biyar ta tafi. Ku kuma koya musu miƙa wa alƙali ƙwallo hannu da hannu. Wanda ya jefar da ita ƙasa, shi ya tsayar da ku.

Ku yi amfani da saurin bayan kun ci yadi masu yawa a yunƙuri ɗaya, ko kun ga wani ƙaton abokan hamayya ya dafa gwiwa. In kuna gaba a zango na huɗu, ko masu tsaronku sun fito daga yunƙuri goma a jere, ku koma zagayenku ku ci agogo.

Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce ka kira ta ranar Juma'a. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka