Gidan gadonmu: dillali ya ce miliyan 35, ƙanena ya ce 58

Assalamu alaikum Malam,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Na rubuto ne a madadin magada tara, a kan gidan mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, da ke wajajen Rijiyar Zaki a Kano. An biya bashin da ake binsa, an fitar da wasiyya, gidan ne kaɗai ya rage. Ba zai rabu kashi tara ba, don haka kowa ya yarda a sayar a raba kuɗin. Biyu daga cikin magadan ba su balaga ba.

Ga yadda gidan yake. Filin ƙafa 50 ne a 100, awon gwamnati ne ba awon igiya ba, kuma akwai takardar shaidar mallaka ta C of O da sunan marigayi. An gina shi a 2004. Ɗaki huɗu ne da falo, kicin da sito, banɗaki uku, sai ɗakin samari a bakin get. Rijiya ce a gidan, ba burtsatse ba. Layin babu kwalta, amma mota tana shiga har da damina. Aibinsa biyu: kwanon ɓangaren baya yana yoyo har silin ɗaki biyu ya yi baƙi, sannan danshi ya ci fulastar bangon gabas kamar tsayin bulo uku daga ƙasa. Magini ya yi mana lissafin gyaran duka a kan naira miliyan 2.5. Akwai ɗan haya a ciki, yana biyan miliyan 1.8 a shekara, saura masa wata biyar.

Inda muka rabu shi ne farashi. Dillalin da ya leƙa ya ce miliyan 35, la'ada kashi 5 cikin 100 daga wajenmu. Ƙanena ya ce ba mu sayarwa ƙasa da miliyan 58. Hujjarsa ita ce, in za a gina irinsa yau da tsadar siminti da rodi sai an kashe miliyan 40, fili irin wannan kuma a layin bayanmu an sayar da shi miliyan 18. Na bi unguwa na tambaya, na samo gidaje uku. Na farko filinsa daidai da namu, ɗaki huɗu, yana bakin kwalta, yana da burtsatse, ba ya buƙatar gyara, an sayar da shi miliyan 44 wata huɗu da suka wuce. Na biyu 50 a 75 ne, takardar mai unguwa kawai gare shi, ya tafi a miliyan 34. Na uku an sa masa miliyan 55, ya haura shekara ba a saya ba.

Mun yanke shawarar sayarwa da kanmu. Tambayata, Malam: nawa ya dace mu sa masa, nawa ne kuma bai kamata mu sauka ƙasa da shi ba? Mu gyara kafin mu sa a kasuwa ko mu sayar a haka? Wace takarda za mu tanada tunda sunan marigayi ne a kan shaidar? In mai saye ya ba da kafin alƙalami ya fasa, kuɗin namu ne? Sannan yaya za mu yi da ɗan hayar?

Allah ya ƙara basira.

Mai bibiyar wannan fili, daga Kano.

Wa alaikumus salam Alhaji,

Allah ya gafarta wa mahaifinku. Rabin aikin ka riga ka yi shi da ka samo waɗannan gidaje uku, domin farashin gida ba ya fitowa daga abin da aka kashe wajen gina shi, ko abin da maƙwabci ya ɗora wa nasa. Yana fitowa ne daga kuɗin da aka ƙirga aka miƙa a kan gida irinsa, a unguwa ɗaya, cikin 'yan watannin nan. Saboda haka gida na uku ka ajiye shi gefe. Miliyan 55 buri ne na mai shi, ba ciniki ba, kuma abin da ya koya mana kawai shi ne a wannan yankin gida irin naku yana yin kwantai a wannan farashin.

Ɗauki na farko, miliyan 44. Cire miliyan 2.5 na gyaran da naku ke buƙata. Cire abin da kwalta da burtsatse suka ƙara masa, a ce miliyan 2. Ka sauka a miliyan 39.5. Sai na biyu, wanda ya fi naku ƙanƙanta: filinsa murabba'in ƙafa 3,750 ne, naku 5,000. In fili 50 a 100 ya kai miliyan 18, kowace murabba'in ƙafa ta kama naira 3,600, bambancin ƙafa 1,250 kuwa ya zama miliyan 4.5. Haɗa da 34, ka sami miliyan 38.5, kafin a sa darajar C of O, wadda take buɗe muku ƙofar masu saye da rancen banki da kuma masu tsoron rigimar fili. Hanyoyin biyu sun haɗu tsakanin miliyan 39 da 41. Abu ɗaya zan ƙara: ka tabbatar da 44 da 34 ɗin daga bakin wanda ya saya ko wanda ya sa hannu a matsayin shaida. Mai sayarwa yakan ƙara don a yaba masa, 'yan kayi-na-yi kuma sukan rage in suna son su karya maka farashi.

Lissafin ƙanenka ba shirme ba ne, mataki ɗaya ya tsallake. Miliyan 40 kuɗin sabon gini ne, naku kuwa ya haura shekara 20, da tsohon wayarin, tsohon famfo da kwano mai yoyo. In ka zabtare kashi ɗaya cikin uku saboda tsufa, saura kusan miliyan 27. Haɗa da fili, ka sami kusan 45. Wannan shi ne rufin farashin, domin duk wanda aka ce ya biya fiye da haka zai gwammace ya sayi fili ya gina abin da ransa yake so. Ka nuna masa kuɗin haya ma. A miliyan 58, mai saye sai ya karɓi haya ta shekara 32 kafin uwar kuɗinsa ta dawo. A miliyan 40, shekara 22 ce. Ɗan kasuwa da wannan lissafin yake zuwa.

Shi kuma 35 ɗin dillali, kada ka ɗauka sharri ne tsantsa. In gidan ya tafi a 40 la'adarsa miliyan 2 ce, in ya tafi a 35 miliyan 1.75 ce. Dubu 250 kawai ya rasa, ya kuma rufe ciniki cikin mako, ku kuwa kun rasa miliyan 5. Sauri ya fi masa riba.

A ganina ku sa miliyan 43, ku ƙulla a tsakaninku cewa ba ku sallamawa ƙasa da 39, kuma wannan adadin kada ya fita daga bakin kowa, har da surukai. Tunda akwai marayu, kada ku tsaya a kan lissafina ko naka. Ku ɗauko mai ƙiyasin kadarori mai rajista da hukumar ESVARBON, wadda aka kafa a 1975 don kula da wannan sana'ar, ya auna ya ba ku rahoto a rubuce da hatiminsa. Rahoton ne zai kare ka ranar da yaran nan suka girma suka tambaya. In gida ya yi mako shida ana zuwa kallo ba a tayawa, ko tayin duk yana tsayawa a 36 da 37, kasuwa ta yi magana, sai ku rage miliyan 1 zuwa 1.5 a karo ɗaya. Ragin dubu ɗari-ɗari kowane mako yana koya wa masu saye su zauna su jira ku.

Gyara kuwa, a yi na kwano da silin, domin baƙin tabo a sama shi ne abin da ido ke fara gani, kuma mai saye zai cire ninkin kuɗin gyaran daga tayinsa. Bangon gabas kada a shafe shi da fenti a yi shiru. Danshin zai huda fentin da damina ta farko, kuma ɓoye aibi algus ne da shari'a ta hana, yana ba mai saye damar dawo da kaya. Ko a fasa fulastar a gyara magudanar da ke jiƙa bangon, ko a nuna masa a rubuta a takarda cewa ya gani ya yarda. Tayil, fenti mai tsada da sabon get ba sa dawo da kuɗinsu.

Takardu su ne inda masu sayarwa da kansu suka fi faɗuwa. Matacce ba ya sa hannu, kai ma ba ka da ikon sayar da rabon wani don kawai kai ne babba. Ku je kotun shari'ar Musulunci a ba ku takardar da ta lissafa magada da rabon kowa, ta tabbatar da wanda aka wakilta, ta kuma ba waliyyin yaran biyu izinin sayar da kasonsu. Manya bakwai kowa ya sa hannu da kansa, mata ma haka, ba miji ko wa ya sa musu ba. In akwai mai son riƙe gidan a cikinku, a fara yi masa tayi a farashin rahoton kafin a kai ga bare. Daga nan ka je KANGIS, hukumar da ke riƙe da bayanan filaye ta Jihar Kano, ka duba fayil ɗin gidan tun kafin mai saye ya je: a ga ko akwai bashin kuɗin ƙasa na shekaru, ko an taɓa jinginar da takardar a banki ba a cire ba. Ka sa safiyo ya duba duwatsun iyaka, don katanga takan ci hanya ko filin maƙwabci ba a sani ba. Ka biya bashin wutar KEDCO ka ajiye rasit.

Takardar cinikin lauya ne zai rubuta ta, ba a kwafo ta a shagon buga takardu ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, sashe na 22, ta ce mai C of O ba ya mayar da mallakarsa ga wani sai da amincewar gwamna, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa haka banza ne. A shari'ar Savannah Bank da Ajilo a 1989, Kotun Ƙoli ta soke jinginar gida saboda rashin wannan amincewar. A rubuta ƙarara wa zai biya kuɗin amincewa, kuɗin hatimi da na rajista. Harajin riba kuwa lauyan ya lissafa muku bisa sabuwar dokar haraji da ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, ba bisa kashi 10 na da ba. Duk wannan daga cikin miliyan 2 ɗin la'adar dillali da kuka tsira da ita zai fito, kada magada su sa ta a lissafin rabo tun yanzu.

Neman mai saye ba shi da wuya kamar yadda ake zato. Ku fara da maƙwabta da mai unguwa, don wanda ke son faɗaɗa gidansa ko ya zaunar da ɗansa kusa yakan fi kowa taya da kyau. Ku sa allo a get da lambar waya ɗaya, mutum ɗaya ke amsawa. In akwai rubutun "wannan gida ba na sayarwa ba ne" a katanga, a goge shi, ana mantawa da wannan. A Facebook da WhatsApp ku sa hotunan safe, girman fili, yawan ɗakuna, irin takarda da farashi, amma ban da hoton C of O, domin da shi 'yan damfara ke sayar da gidan da ba nasu ba. Za ka ga dillalai sun ɗauki hotunan sun ɗora nasu farashin. Duk wanda ya zo da mai saye, ka gaya masa tun a bakin get cewa la'adarsa tana wajen wanda ya kawo. Kada kuma ku sa wani ɗan uwa ya riƙa taya gidan da tsada a gaban mai saye alhali ba saye zai yi ba, wannan shi ne najashi, an hana.

Kafin alƙalami a mazhabar Malikiyya ba ya zama na mai sayarwa don ciniki ya fasu, ana mayar wa mai shi. Abin da zai kare ku shi ne wa'adi: a rubuta cewa in ba a cika kuɗi cikin kwana 30 ba, ciniki ya warware, kun mayar masa da kuɗinsa, kuna da ikon sayar wa wani. Kada a taɓa kuɗin kafin nan. Cikon kuma ta banki za a biya. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ba ta banki ba. Ku buɗe asusun da mutum biyu ke sa hannu, kuma kada asalin takarda ko makulli su bar hannunka saboda saƙon alat, sai ka ga kuɗin a bayanan asusun da banki ya buga maka. Biya kashi-kashi ku guje shi, in ya zama dole takardu su zauna wajen lauya har a cika.

Ɗan haya yana da haƙƙin watanninsa biyar ko gida ya sauya hannu. Mai hayar shekara a ƙa'ida ana ba shi sanarwar wata shida a rubuce, sai in yarjejeniyarku ta faɗi wani wa'adi daban, don haka a duba takardar hayar a wannan makon, lauya ya rubuta sanarwar da ta dace. Ku zauna da shi ku tsayar da ranaku biyu a mako na masu zuwa kallo, bayan la'asar, a sanar da shi tun da safe saboda iyalinsa. In mai saye yana son ya ci gaba da riƙe shi, sai ku lissafa hayar watannin da suka rage daga ranar ciniki, naira dubu 150 kowane wata, ku miƙa wa sabon mai gida a gaban shaidu.