Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Shugaban Gundumar Ikkilisiyoyinmu na Hausa a Legas

Baba Rabaran, ranka ya daɗe,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. An karanta mana sanarwa cewa daga yanzu waƙoƙin gargajiya kaɗai za a riƙa yi a sujadar Lahadi, wato na Littafin Waƙoƙi, da kibod. Na Zumuntar Mata kuwa sai ranar taronmu.

Baba, ina ƙaunar littafin nan, da waƙoƙinsa muka raka mahaifina kabari. Amma yawancinsu fassara ce daga Turanci. Sai a 1893 'yan mishan nan su Bingham da Gowans da Kent suka sauka a nan Legas, Littafi Mai Tsarki na Hausa kuma bai fito cikakke ba sai 1932. Kakanninmu sun karɓi waƙoƙin nan suna baƙi. Ko a Ingila, da Isaac Watts, marubucin waƙoƙin sujada, ya wallafa nasa a 1707, wasu sun ƙi su, suna cewa Zabura kaɗai ta dace da sujada. John Calvin ma, ɗaya daga cikin jagororin gyaran ikkilisiya, bai yarda da ogan a majami'un birnin Janiba ba.

To, idan waƙar da ta tsallako teku ta zama gargajiya, me zai hana wadda iyayenmu mata suka tsara a ƙasar nan? Ka dubi tsohuwa ta rungume tulu tana dukan bakinsa, wata na kaɗa kacau-kacau, ɗaya ta ba da waƙa, saura su amsa. Matan da ba su iya karatu ba ta haka suka haddace labarin Ayuba da na Ɗa Mubazzari, suka koya mana muna goye. Zabura 150 ma ta ambaci ganga da kuge da rawa.

Abin da ke cina a rai shi ne waƙoƙin nan da yawa ba a rubuce suke ba. 'Ya'yanmu a Agege da Idi-Araba sun fi sakewa da Yarbanci da Turancin Buroka. In ba su ji su ranar Lahadi ba, ina za su ji?

Ina roƙo a sake duba sanarwar. A tace kalmomin kowace waƙa, tsohuwa ko sabuwa, wadda ta saɓa wa Nassi a ajiye ta. Sannan a tura matasa da wayoyinsu su naɗi muryoyin tsofaffinmu, a rubuta, tun suna da ƙarfin rerawa.

'Yarka cikin Ubangiji,
wata 'yar Zumuntar Mata, Agege