Godiya ga Shagon Keken da Ya Rage Mini Kaya

Zuwa ga Baba mai shagon gyaran keke da yaransa, a bayan babbar kasuwar Marwa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ya sanyi, ya kasuwa?

Baba, kun ce kada in kama sunanku a rubuce, kuma ban kama ba. Amma ba ku hana ni faɗin abin da kuka yi mini ba, shi ya sa na fito da wannan takarda fili, don masu hawan keke na Marwa da Garwa da Ngaundere su gani. Wanda ya saba shiga layin masu keke ba sai an nuna masa ƙofar ba.

Mu tara ne muka shirya tseren nan a tsakaninmu, kwana huɗu cikin duwatsun Mandara a tsakiyar hunturu. Ranar farko daga Marwa zuwa Mokolo, kimanin kilomita 80 a kan kwalta. Ta biyu daga Mokolo a bi ta Mogode a kwana Rumsiki. Sauran biyun a gangara kudu ta Burha da Durbeye a ƙare a Gider. Kullum a rubuta lokacin da kowa ya iso, ranar ƙarshe a haɗa lissafi. Ba irin Tour du Cameroun ba ne, babban tseren keke na ƙasar Kamaru, inda mota ke biye da mahayi da tayoyi a kanta. Sharaɗinmu guda ne: abin da za ka buƙata, kekenka ne zai ɗauke shi.

Saura mako biyu na zo muku da jaka sittin a aljihu, na ce a sa mini sababbin tayoyi da babbar kariya ta ƙarfe ta ɗora kaya a baya da sabon sirdi mai laushi da na hango a rataye. Wani mai shagon da tuni ya miƙe ya fara sauko da kaya. Ku kuwa ko kallon kuɗin ba ku yi ba. Kuka ce, "Je ka gida ka kwaso duk abin da kake niyyar tafiya da shi, har allura, ka kawo mini nan."

Na dawo da la'asar da buhu. Yaronku ya shimfiɗa tabarma a bakin shago, na zazzage, kuka aika aka aro sikelin mai sayar da wake. Kilo 14. Kuka daɗe kuna kallon tulin, sannan kuka ce, "Ɗana, Rumsiki za ka ko ƙaura za ka yi?" Masu shayin da ke gefe suka yi ta dariya, ni kuwa kunya kamar ƙasa ta tsage.

Daga nan kuka riƙa ɗaga kayan ɗaya bayan ɗaya, kowanne da tambaya iri ɗaya: aiki nawa yake yi? Mai aiki ɗaya, in ba na gyara ba ne ko na magani, ya koma buhu. Haka wandon jins ya tafi, da takalmi na biyu, da butar shayi da ɗan murhunta, da kwalbar turare, da jerin sifana goma sha biyu da na saya sababbi fil. Kuka sa yaro ya zagaya keken da idonsa ya ƙirga ƙusoshin da ke jikinsa, sai ga shi kusan duk makullin nan mai kusurwa shida ke kwance su, lamba 4 da 5 da 6. Sifanar da nake taƙama da ita guda ɗaya ce kawai ke da wurin kamawa. Da muka zo kan dadduma na ɗan yi gardama. Kuka ɗauko rawanina kuka ce, "Wannan da rana ya tare maka ƙura, da dare ka lulluɓa, lokacin salla ka shimfiɗa. Matafiyi ne kai, har ƙasaru an yi maka rangwame, kai ne za ka ƙara wa kanka nauyi?" Ban sake cewa uffan ba.

Sirdin ma kuka hana ni. Kuka ce ba a shiga doguwar tafiya da sabon abu, sirdi ne ko takalmi ko wando, don wanda jiki ya saba da shi ya fi wanda ido ya so. Tayoyina kuka murza su da yatsa, kuka ce ta gaba tana da sauran rai, ta baya kaɗai za a canja. Kariyar ƙarfe kuma kuka ce kilo guda ce ta banza, kuma a kan dutse ƙusoshinta ne ke fara kwancewa. A maimakonta yaronku ya yanka tsohon tif ya fitar da igiyoyin roba, kuka nuna mini yadda ake ɗaure kaya masu nauyi a cikin kusurwar jikin keke, ƙasa-ƙasa, marasa nauyi a ƙarƙashin sirdi da gaban kai, bayana kuma kada ya ɗauki kome sai ruwa da abin taunawa. Da aka sake aunawa, kilo 6 da ɗan ɗoriya. Daga jaka sittin ɗin nan, goma sha tara kuka karɓa.

Abin da kuka ƙara mini gaba ɗaya bai cika tafin hannu biyu ba, kuma shi nake so masu karatu su ji da kyau. Tif biyu, faci da sholisho, ƙaramin famfo, wayar birki guda, robar birki, mahaɗin sarƙa biyu, tsumma, da ɗan man sarƙa a kwalbar magani. Kuka gargaɗe ni kada in yarda wani mai babur ya zuba mini baƙin mai a sarƙa, don ƙurar hunturu na manne masa ta zama kamar dutsen wasa wuƙa, ta cinye haƙoran giya. Kowane dare in goge da tsumma, in ɗiga kaɗan, in sake gogewa. Sai ɗan ƙarfen nan da ke riƙe da giyar baya, wanda aka yi shi don ya karye kafin jikin keke ya karye. Kuka ce kowane keke da irin nasa, ba zan same shi a ƙauye ba ko da kuɗina, kuka tono mini guda daga cikin gwangwanin tarkace. Sai wani ɗan tagulla da bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Bawul ɗin kekena siriri ne, famfon masu facin babur kuwa na bawul mai kauri ne irin na mota, to wannan ɗan abin ke haɗa su. Na ƙarshe shi ne ya fi ba ni dariya: guntun tsohuwar taya, faɗin yatsa uku, da yaronku ya yanko daga bola ya goge ya miƙo mini. Na tambaya na mene ne, kuka ce in sa a aljihu kawai.

Ban manta da yammacin da kuka sa ni faci ba. Kuka huda tif da ƙusa da gangan, kuka miƙo mini, kuka koma kan kujera kuna jan carbi. Na kankare, na shafa sholisho, na manna nan take. Ya ɓalle. Na sake, ya sake ɓallewa. Sai a na uku kuka buɗe baki: "Gaggawar me kake? Bar shi ya sha iska, sai ya daina ƙyalli." Sannan kuka sa na zura yatsa na shafa cikin tayar gaba ɗaya kafin in mayar da tif, don ƙayar da ta huda na farko tana nan tana jiran na biyu. Har aka kira magariba ina zaune a ƙasa, ni malamin makaranta, almajiranku na yi mini gyara.

To, ga yadda hanya ta kasance.

Ranar farko ba wani labari, kwalta ce, sai hawan da ke gab da Mokolo da ya fara nuna wa kowa nauyin kayansa. Mun kwana, muka wayi gari Laraba ranar kasuwarsu, muka ƙara dabino da ƙuli-ƙuli a kan kilishin da muka taho da shi. Daga nan kwalta ta ƙare. Kimanin kilomita 50 ne zuwa Rumsiki, amma kowane ɗaya da haƙoransa: tsakuwa, rairayi, da duwatsun da ruwan damina ya tone ya bari a fili. Na rage iskar taya kaɗan kamar yadda kuka ce, keken ya daina tsalle da ni. Tsidau ya huda ni sau biyu kafin Mogode, duka biyun a inda na sauka gefen hanya neman inuwa, abin da kuka hana ni. Na yi faci ina jin muryarku a kunnena, na jira sholisho ya daina ƙyalli, ko da yake mutum uku sun wuce ni ina zaune.

Da yamma duwatsun Kapsiki suka bayyana, tsaye ɗai-ɗai kamar an kafa turaku, mafi shaharar cikinsu mita 1,224. An ce ragowar tsofaffin duwatsu masu aman wuta ne, iska da ruwa suka cinye jikin suka bar zuciyar. Wani abokinmu ya so a kai shi wurin mai duba da ƙaguwa da baƙi ke zuwa kallo, ya ji wa zai ci tseren. Muka ce masa ya duba ƙafafunsa, amsar tana can.

A nan kuwa, Baba, ina da ƙorafi, kuma sai na faɗa. Bargon da kuka cire mini, da kun bar shi. Marwa tana ƙasa, Rumsiki tana bisa tudun da ya kai mita dubu, sanyin asubarta ba irin namu ba ne. Rawani da rigar sanyi guda ba su ishe ni ba, na kwana haƙora na haɗuwa, sai da mai masaukin ya tausaya ya ara mini mayafi. Wanda zai bi hanyar nan a Disamba ko Janairu ya ƙara riga mai kauri da safa, ko Baba ya harare shi.

Rana ta uku ce ta biya kuɗin wannan takarda. Bayan Burha akwai wata gangara mai duwatsu masu kaifi, na shigo ta da gudu don ina hango na biyu a gabana. Sai na ji fas, kamar an fasa leda. Dutse ya tsaga gefen tayar baya, tsagar da babban yatsana ke shiga. Na sa sabon tif, na fara bugun famfo, sai ga shi yana leƙowa ta tsagar kamar kumburin ƙurji. Ba gida gaba, ba gida baya, wayata ba ta kama ko sanda ɗaya, rana ta take tsaka. Na zauna a kan dutse na fara lissafin tura keke da ƙafa. Ina laluben dabino a aljihu hannuna ya taɓa guntun tayar nan ta bola. Wallahi sai da na yi dariya ni kaɗai a daji. Na sace iskar, na shimfiɗa shi ta ciki ya rufe tsagar, na mayar da tif, na buga. Ya riƙe. A ƙauyen gaba wani mai facin babur ya cika mini iska da famfonsa ta kan ɗan tagullar nan, ya jujjuya shi a hannu yana tambaya ko zan sayar.

A wannan ranar ce sarƙar ɗaya daga cikinmu ta tsinke. Sabuwa ce, ya saye ta a wani shago da ba zan ambata ba, a kwali mai kyau da sunan kamfani a jiki, ashe jabu ce. Mahaɗin da kuka ba ni guda biyu, ɗaya ya tafi a kansa. Wani kuma da ya goya jaka mai kilo goma a baya, tun Mogode kafaɗunsa suka sage, a Durbeye ya ɗora keken a mota. Ba don in yi masa dariya na kawo wannan ba, ni ma da haka zan ƙare da ban bi ta shagonku ba.

Sauran shawarwarinku duk sun yi rana. Man kaɗanya a cinya tun kafin fata ta saɓule. Cokalin shayi shida na sukari da rabin cokalin shayi na gishiri a litar ruwa guda, ga wanda zufa ta tsotse. Ƙwayar tsabtace ruwa a jefa a gora a jira minti 30. Katin shaida a leda a aljihun gaba, don shingayen jandarma da na 'yan banga suna da yawa a yankin tun da rikicin Boko Haram ya taɓa shi, kuma kada a kuskura a yi tafiyar dare. Mun sanar da hukuma kafin mu tashi, duk garin da muka sauka kuma mun fara da gaida mai gari.

Na zo na huɗu cikin mutum bakwai da suka kai Gider. Na san za ku ce da ban tsaya neman inuwa cikin tsidau ba da na zo na uku, kuma gaskiyarku.

Allah ya saka da alheri, Baba, ya sa albarka a shago, ya raya zuri'a. Yaran shago, musamman ƙaramin da ya yanko guntun tayar, mi yetti, na gode ƙwarai. Ranar Litinin in Allah ya kai mu zan shigo da keken, birkin baya ya fara kuka kuma waya biyu sun saki a ƙafar gaba. Akwai ɗan ƙunshin dankalin Kapsiki da na riƙo muku. Guntun tayar yana nan a inda na sa shi, ku gaya wa yaro kada ya jefar in ya kwance, ina so in ajiye abina.

Ɗanku,
wani malamin makaranta daga unguwar Domayo, Marwa.