Gyaran tsohon banki ba almubazzaranci ba ne

Assalamu alaikum Edita,

Shirinku na daren Lahadi ya ɓata mini rai, kuma har yanzu ban huce ba. Baƙon nan naku ya buɗi baki ya ce wai gyara tsohon bankin Williamsburgh na Brooklyn da mayar da shi zauren biki almubazzaranci ne, gara a rushe a dasa dogon bene. Mai gabatarwa ko tari bai yi ba, ya wuce tambaya ta gaba. Haba!

Ni direban tasi ne a New York. Kusan kullum sai na bi ta gadar Williamsburg, kuma da na gangaro ɓangaren Brooklyn ƙubbar ginin nan ce ke fara yi mini maraba. A 1875 aka kammala shi, gadar kuwa sai 1903 aka buɗe ta, ya girme ta da shekara 28 ke nan. George B. Post ne ya zana shi, mutumin da daga baya ya zana ginin kasuwar hannun jari ta New York. An yi aikin banki a ciki har zuwa 2010.

Bara Allah Ya sa na kai wata amarya da ƙawayenta wurin, suka roƙe ni in kama musu kaya zuwa ciki. Wallahi da na ɗaga kai na ga zanen da ke cikin ƙubbar, sai na tsaya cik da jaka a hannu, har wani ma'aikaci ya taɓa kafaɗata. Ga marmara, ga sassaƙar katako, komai ya fito fes kamar jiya aka gama. Na ga masu dafa abinci, masu jera kujeru, masu gyaran fitila, kowa na neman halaliyarsa. Ni ma a daren na samu nawa rabon. Wannan ne almubazzarancin?

Da baƙon ya yi ɗan bincike, da ya san cewa mutanen garin nan sun taɓa bin irin shawararsa. A 1963 aka fara rushe tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Penn, har gobe ana cizon yatsa. Takaicin haka ya taimaka aka kafa dokar kare gine-ginen tarihi a 1965, kuma a 1966 aka sa wannan banki a ƙarƙashinta. Yanzu ba mai ikon taɓa fuskarsa sai da izinin hukuma, balle rushewa. Mai gabatarwa ya kamata ya faɗa masa haka nan take, tunda aikinsa ke nan.

Sai kuma kiɗan nan da kuke sakawa a ƙarƙashin muryar masu magana. Mu da muke saurare a cikin mota, ga ƙarar titi ga ganga, rabin hirar ba ma ji. Na aiko da saƙo a kan haka tun watannin baya, shiru. Don Allah a rage shi.

Naku mai saurare,
daga New York, Amurka